Cigiyar Da Ta Ƙi Goguwa

Jama'a, abin nan da zan ba ku a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma Allah shi ne shaidata. Shekarun baya ne, lokacin ina aiki a wani ɗan gidan rediyo a Gure, ni ke kula da shafinmu na intanet. Babban abin da ke kawo mutane shafin shi ne cigiya, wannan raƙuminsa ya ɓata a Alakos, wancan awakinsa sun bi wani garke, mu karanta a rediyo mu kuma ɗora a shafi.

To cigiyoyi suka taru suka yi wa shafin nauyi, ga rezon garinmu, wato layin intanet, da ma sai a hankali, mutum ya buɗe ya yi ta jira har shayinsa ya huce. Da na gaji da gogewa ɗaya bayan ɗaya, sai na saita na'ura ta riƙa yin aikin da kanta, kullum da hantsi ta share tsofaffin cigiyoyi gaba ɗaya, ta rage nauyin hotuna, ta ajiye kwafi. Kai, na ji daɗin abin nan! Ina cin ƙosaina aiki na yin kansa.

Wata safiya na buɗe shafi, duk tsofaffi sun tafi, saura guda, kuma ba a ƙasa take ba, ta hau can sama da kwanan watan ranar. Cigiyar Ya Falmata ce, wata dattijuwa mai sayar da dabino a kasuwa, tana neman ƙanenta Bukar da ya bi mota ya yi arewa tun suna da ƙuruciya, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ta daɗe da kawo ta, har na manta. Na ce kuskuren saiti ne, na goge da hannuna. Washegari ga ta. Na sake gogewa, ta sake dawowa. Na kashe aikin na'urar ɗungurungum, wallahi da hantsi ya yi sai ga ta a sama, ita kaɗai.

Ranar da gabana ya faɗi ita ce ranar da ta dawo da hoto. Ni na rubuta cigiyar nan, na san babu hoto, matar ma ta ce ba su taɓa ɗaukarsa ba. Amma ga wani dattijo mai furfura yana dariya, da tabo a gefen gira. Na kira mutumin Damagaram da ya gina mana shafin, ya duba ya ce babu wanda ya shiga sai ni. "To kai ka sa mana," in ji shi. Na ce in ni na sa me zai sa in kira ka?

Na ɗauki wayata na nufi kasuwa. Na durƙusa na gaishe ta na ce, "Iya, ko kin san wannan?" Ta karɓa, ta nisanta wayar da idonta, ta matso da ita, sai mudun dabinon da ke hannunta ya zube.

"Bukar ne! Yaro, Bukar ne ya tsufa! Tabon nan ni na yi masa da muciya." Tana kuka tana dariya, matan rumfa suka taru, aka yi ta karɓar wayar hannu zuwa hannu. Ta ce ina na samo shi, ni kuwa me zan ce? Na ce Allah ne ya kawo.

Daga nan na daina gogewa. Mutane suka yi ta tura hoton a waya, har ya kai ga wani direban babbar mota ɗan Gidigir da ke zuwa Dirku, ya kira rediyo ya ce ya san mutumin, mai facin taya ne a can, kowa Baba Gure yake ce masa. Ashe tun da daɗewa wani ya gaya masa yayarsa ta rasu, ita kaɗai ta rage masa, shi ya sa bai ga abin da zai dawo yi ba. Da aka haɗa su a waya, Ya Falmata ba ta ce masa komai ba sai faɗa da Barbarci, tana yi tana share hawaye.

Ranar da ya iso, ban taɓa ganin murna irin wannan ba. Guɗa tun daga tasha, aka yanka rago, maƙwabta suka cika gida, tsohuwar nan da ke tafiya da ƙyar sai ga ta tana taka rawa. Aka jawo ni gabansa aka ce ga wanda ya nemo ka. Ya riƙe hannuna ya yi ta sa mini albarka, sannan ya ce a nuna masa hoton nan da ake ta magana, don shi bai san wanda ya ɗauke shi ba.

Na miƙa masa. Ya duba, ya dubi jikinsa, dariyarsa ta tsaya. Ya ce, "Yaro, rigar nan ai shekaranjiya na saye ta a Agadas, don in shigo gida da sabuwa." Na kalli hoton, na kalle shi. Riga ɗaya, hula ɗaya, har bangon da ke bayansa na gidan Ya Falmata ne, inda yake zaune a lokacin. Ita kuwa ta ce, "Ku bar ni da zancen riga, ku zuba masa abinci!" Aka fashe da dariya, aka ci gaba da biki.

Na tambayi malamai, na tambayi masu ilimin na'ura, har yau babu wanda ya ba ni amsa. Ku da ke sa na'ura tana yi muku shara kullum, ku riƙa leƙawa kuna ganin abin da ta share da abin da ta bari. In kuma kuka ga wani abu ya nace ya ƙi tafiya, ku yi bisimilla, ku tashi ku nemi mai shi.