Bakina Na Cewa "Da Sauƙi"

Salama gare ku. Tun kafin damina ban ce uffan a shafin nan ba. Masu cewa karatun digiri na uku ne ya sa mini, ni Bitrus, girman kai, ku gyara zama.

Bincikena a kan sadarwa ne: yadda Kiristocin da aiki ya kawo Birnin Kudu da Gwaram a shekarun samun 'yancin kai da na kuɗin man fetur suka yi hulɗa da maƙwabtansu Musulmi. Babi guda na ware wa dubiya. Har na rubuta cewa "da sauƙi" da majinyaci ke amsawa shaidar bangaskiya ce da ta haɗa mu duka. Na yi alfahari da babin nan.

Ciwon kai ya daɗe yana damuna, ina ta danna masa farasitamol. Ran nan ina garin Maruta, ina naɗar hira da wani tsohon malamin makaranta, sai wayar ta suɓuce daga hannuna na dama. Na so in nemi ruwa, harshe ya ƙi.

A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye mini ɓarin jiki. Aka tura mu Kano hoton ƙwaƙwalwa, ya lashe abin da na tara don buga kundin bincikena. Muka dawo aka ba ni gado.

Hankalina garau. Ina jin kowa, ina gane kowa. Amma magana ta gudu kaf, kalma biyu kaɗai suka rage mini. Duk abin da na yi niyyar faɗa, "da sauƙi" ke fitowa.

Sai ƙafar dama ta fara ciwo, kamar an ɗaure ta da waya. Da safe a auna ni, a ce ya jiki, in ce da sauƙi, a rubuta. 'Yan coci su zo, su Alhaji Sule maƙwabcina su zo, kowa ya tafi da murna. Fasto har ya sanar ranar Lahadi cewa da bakina na shaida na samu sauƙi.

In nuna ƙafar da hannun hagu, a ce ai dole, ɓarin da ya shanye ne, a gyara mini bargo. In yi hawaye, a ce na godiya ne.

Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Ina kwance ina ji ana shirin sallamata.

Da likita ya zo da maganar tafiya gida, Rifkatu matata ta tare shi.

"Likita, mutumin nan ko mura ya yi sai unguwa ta sani. Ruwan wanka ƙorafi, miya ƙorafi. Yau shi ne kullum da sauƙi? Wannan ba maganarsa ba ce. A duba mini shi daga kai har ƙafa."

Raina ya ɗan sosu, a gaban mutane fa. Amma da ina iya tashi, da na durƙusa mata.

Aka yaye bargo. Ƙafa ta kumbura, ta yi zafi rau. Hoto ya nuna jini ya daskare a jijiya. Likita ya ce da mun tafi, gudan jinin na iya kaiwa huhu. Aka fara yi mini allurar tsinka jini a ciki, aka haɗa ni da masu gashin ƙashi.

Ta hanyar waƙa magana ta dawo. Rifkatu ta lura ina iya bin waƙoƙin coci, sai ta riƙa rerawa ina bi, har kalmomi suka fara tsayawa da kansu. Cikakkiyar maganata ta farko ita ce, "Kunun nan ya tsinke." Ta ajiye kofin ta yi ta kuka.

Yanzu ina takawa da sanda. Farfesan da ke duba aikina ya ƙara mini lokaci, babin dubiya kuwa sabo nake rubutawa, da hannun hagu.

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa likitoci da nas-nas, da Alhaji Sule da ya ba mu motarsa zuwa Kano, da matar nan da ta san halina.

Ku riƙa auna jininku. In baki ya karkace ko hannu ya saki, a nufi asibiti a take. In kuma kun je dubiya, kada ku tsaya ga amsar baki. Ku riƙe hannun majinyaci, ku ce ya matse idan wani wuri na ciwo. Kwana da kwanaki na yi hannuna a buɗe ina jira.