Ciyawar Baba Lauje

Baba Lauje ba mutumin da ake ja da shi ba ne. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hannunsa ya fi bakinsa sauri. Tun yana saurayi yake kula da filin ƙwallon unguwarsu: shi ne ban ruwa, shi ne yankan ciyawa, shi ne zana farin layi. Haƙoransa na gaba a kan ƙungiyar unguwar ya rasa su, ranar da wani mai goyon bayan baƙi ya jefi golansu da kwalba. Shi ma mai jifan bai koma gida da hancinsa daidai ba.

To, bana ƙungiyar ta kai wasan raba gardama, wanda in ta ci za ta hau rukunin sama. Sai dai shugabanninta sun riga sun faɗa: ranar da aka hau, za a tone ciyawar a shimfiɗa ta roba, irin wadda ba ta shan ruwa, balle ta nemi Baba.

A shagon aski aka tayar da zancen. Mai askin yana ta masifa, almakashi a hannu. "Zalunci ne wallahi! Mun fi abokan karawar nan tamu maki nesa ba kusa ba, a ce wasa ɗaya ne zai raba mu?"

"Mu dai a hau, a kawo roba," in ji wani makanike mai jiran layi. "Ƙwallo ta riƙa tafiya sumul."

Baba ya ja tsaki. "Roba? Je ka zame a kanta da rana tsaka, ka dawo ka nuna mana fatar cinyarka."

Makaniken ya yi dariya. "Baba, faɗi tsakaninka da Allah. Addu'ar faɗuwa kake mana, ko?"

Kafin ya rufe baki Baba ya damƙi ƙeyarsa ya haɗa goshinsa da madubi. Madubin ya tarwatse, jini ya wanke masa fuska. Da ƙyar aka ɓamɓare Baba, yana huci yana cewa a sake shi.

Ranar wasa filin ya cika maƙil. Baƙi suka zura ɗaya, suka koma baya suka tsare gida. Baba yana bakin layi yana ihu har muryarsa ta dishe. Ana dab da tashi alƙalin wasa ya ba 'yan gida fenareti. Ɗan wasan gabansu ya taho a guje, ƙafarsa ta zame, ƙwallo ta yi sama ta wuce raga. Shi ke nan, an busa tashi.

"Shi ne! Jiƙa wurin ya yi!" Makaniken ne, da bandeji a goshi, yana nuna Baba. Ƙarya ce tsagwaronta, tun jiya Baba bai kunna famfo ba. Amma wa zai tsaya bincike? Jama'a suka haure waya suka yo kansa. Wani ya zabga masa tiyon ban ruwa a fuska, wani ya fizge sandar tutar kusurwar fili ya karya ta a gadon bayansa. Ya faɗi, suka bi shi da ƙafa, mutanen da ya sani tun suna tsallako katanga kallon wasa. Laujensa yana yashe kusa da hannunsa, ko kallonsa bai yi ba. Mai aski ne ya ja shi ɗakin ajiyar kaya ya danna sakata.

A asibiti aka ce haƙarƙari sun karye, idon hagu kuma sai yadda Allah ya yi. Matarsa ta zauna a gefen gado tana kuka tana faɗa.

"Malam, ni ba dukan ne ya ɗaure min kai ba. Kai da ko kallon banza ba ka yafewa, ka kwanta kamar buhu suna tattaka ka? Ka jiƙa wurin ne?"

"Wallahi ban jiƙa ba."

"To don me ba ka rama ba?"

Ya juya fuskarsa ga bango.

"Da ƙwallon nan ta yi sama," ya ce a hankali, "daɗi na ji."