Wurin Sharar Hajiya Dije

Ban taɓa mantawa da ƙarshen sanyin shekarata ta uku a aikin lambu ba. Ruwa ya ƙi ɗaukewa, har cikin Afirilu hannuna bai daina tsagewa ba. Ku da kuka shigo aikin bana, ku saurara.

An aike mu wani gida a garin Villeurbanne, a nan ƙasar Turawa, ni da shef ɗinmu, wato shugabar aikinmu, Madam Odil. Mai gidan injiniya ne, Malam Mamman, ɗan Damagaram. Ya ɗauko mahaifiyarsa, Hajiya Dije, saboda ciwon ƙoda, amma kullum maganarta ɗaya: a mai da ita gida. Maganinta kuwa a nan yake.

"Yaya Rabi," ya ce mini, "ku yi mata daji irin na gida a bayan gidan nan, ko hankalinta ya kwanta."

Shukar hamada a ƙasar nan, ba sanyi kaɗai ke kashe ta ba, laima ce. Don haka sai a tada ƙasa tudu-tudu, a gauraya da rairayi, a dasa, sannan a rufe gindin da tsakuwa don ruwa ya wuce. Haka muka yi. Muka sa murtsunguwa, da wani dangin dabino mai jure ƙanƙara, da ayaba a jikin bango. Ko'ina tsakuwa.

Ba a daɗe ba Malam Mamman ya kira: an kwashe tsakuwar, an tara ta a lungu. Muka mayar. Aka sake. Murtsunguwa biyu har sun fara ruɓewa. Madam Odil ta ce kare ne, ta tura ni da sassafe in duba.

Na tarar da Hajiya a duƙe, hannu ɗaya a baya, da buroshin ɗakin girki. Shara take. Muka gaisa, ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya.

"Hajiya, ke ce karen namu ashe?"

Ta yi dariya har da tari. "Ke 'yar nan, gidan wa kika taɓa gani da duwatsu zube a tsakar gida? Baƙo ya shigo ya ce babu mace a gidan?"

"Tsakuwar ce bargon shukar, Hajiya."

"To ni fa? Abinci a kawo mini, wanki inji ya yi. In na idar da sallar asuba sai in zauna ina kallon taga kamar kaya."

Uwata ma, har ta rasu, ba ta taɓa bari rana ta fito mata a kan tsakar gida marar shara ba.

Na gaya wa Madam Odil. Ta buɗe zanen lambun ta daɗe tana kallo. Ta ce fili babu shuka asarar wuri ne. Na ce a wajenmu filin shi ne gidan, shuka a gefe take zama. Ta ɗaga kafaɗa, ta ja layi da biro: a cire tsakiyar.

Muka kwashe shukokin tsakiya muka jera su a gefe, muka kewaye su da katako don kada tsintsiya ta kai gindinsu. Muka zuba jan rairayi muka daɓe. Da yamma Malam Mamman ya dawo daga aiki, ya tsaya yana kallon fili fayau.

"Inna, wannan ne ya yi miki?"

"Tabarma ta rage," in ji ta. "Ka ce wa ƙanwarka ta aiko da ita daga Damagaram, da kujerata 'yar tsugunno."

Ya juya baya yana gyara gilashinsa. Karon farko ke nan da ta ce a kawo mata wani abu nan.

Abin da aikin ya koya mini: kafin ku tambayi mutum abin da yake son gani a gidansa, ku tambaye shi abin da hannunsa ya saba yi.

Washegari na ɗauki tsintsiyata ta kaba, wadda na zo da ita daga Maraɗi, na naɗe ta a zane, na hau tiram, jirgin cikin gari, na kai mata kafin in wuce aiki.