Shagon Askin da Ba a Jira

Gemunsa ya yi furfura, har ya aurar da 'ya, amma har yau Ƙarami ake ce masa, don a shagon yayansa ya buɗe ido a sana'ar aski. Da sharar gashi ya fara, sannan aka yarda ya ɗora kilifa, injin askin nan, a kan yaran da iyayensu ba su da ƙorafi, a hankali ya zama shi ake nema. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Yaya, shagon ya dawo hannunsa gaba ɗaya: kujera mai juyawa, madubi mai tsaga a kusurwa, da dogon benci a jikin bango.

Yaya dai bai daina zuwa ba. Kullum da hantsi sai ya jawo ƙafa, yana dogara sanda, ya zauna a ƙarshen bencin. Hannu ya tafi, harshe ya yi nauyi, amma masu jiran layi ba inda za su, dole su saurare shi. Ya tambayi wannan ɗan gidan wane ne, ya tsokani wancan a kan ƙungiyar ƙwallonsa, ya raba gardamar da shi ya tayar. Likita ma ya ce hirar nan ce ke sakar masa harshe. Ƙarami kuwa ya sani sarai, in ba bencin nan ba, Yaya ba shi da abokin magana sai rediyo, don matarsa tun safe take fita kasuwa.

Ana haka Allah ya jefo wani mai tallar manhajar waya, da kwat ɗinsa a cikin wannan zafi. Aski ya zo, ya tarar da layi, ya yi ta duba agogo kamar jirgi zai bar shi. Da ya hau kujera sai ya buɗe wa'azi. Wai jira asara ce, wai duniya ta wuce nan. Manhajarsu ba saye ake ba, haya ake wata-wata, ba ruwanka da gyara, komai yana can cikin gajimare. Kowa ya zaɓi lokacinsa a waya, ya zo, a aske shi, ya kama gabansa. Ƙarami ya ce shi iyakar saninsa da gajimare, in ya haɗu a ɗauke wuta. Amma da ya ba matarsa labari, sai ta ce ta gaji da gasa masa kumburarrun ƙafafu, ya karɓi abin nan ko ya nemi mai gasa masa. Haka ya karɓa.

Abin haushin kuma, manhajar ta yi aiki. Wanda ya saba mantawa ta tuna masa, ta riƙe irin askin kowa, ta gano wa Ƙarami ranakun da babu ciniki ya riƙa hutawa. Ya canza madubi, ya sayi sabuwar kilifa, yana rufe shago rana ba ta faɗi ba. Mai manhaja ya riƙa kwaso masu aski daga wasu unguwanni su zo su ga ci gaba da idonsu, har da ɗaukar Ƙarami hoto riƙe da almakashi, bakinsa har kunne.

Ci gaba kam an samu, ba mai jira ko ɗaya. Mutum ya shigo, kafin Yaya ya haɗa tambayarsa an riga an ɗaura masa ƙyalle, kansa a sunkuye cikin waya. Kafin Yaya ya sake shiri, ya fice, wani ya shigo. Tsohon ya yi ta zama a bencin shi kaɗai, bakinsa a ɗan buɗe da maganar da ba ta samu mai ɗauka ba. Daga baya ya daina ma farawa.

Abin ya tsaya wa Ƙarami a rai, sai ya shiga yi wa kasuwancinsa zagon ƙasa. Ya ba mutum uku lokaci ɗaya don su haɗu a benci. Manhaja ta raba su da kanta, ta ba su haƙuri a madadinsa, sannan ta turo masa albishir cewa an gyara kuskuren. Ya koma jan aiki, yana gyaran fuska kamar mai zane. Ta aika wa na gaba cewa ya ɗan jinkirta fitowa. Mutum da shagonsa, amma ko ɓata aiki an hana shi!

Ya kira mai manhaja ya tambaye shi ta yaya ake dawo da layi. Wancan ya yi dariya har da tari, ya ce a duk masu hayarsu ba wanda ya taɓa neman wannan. Amma in kaɗaici ne matsalar, akwai sabon tsari na gaba da wannan, wata murya ce mai basira da za ta riƙa taya mutane hira. Ƙarami ya ja tsaki ya kashe wayar.

Sai Yaya ya daina zuwa. Matar Yaya ta ce ya ce ba ya son tare wa mutane hanya, kuma yanzu sai ya wuni bai ce uffan ba, in ya yi magana ma ba ta ganewa. Ƙarami ya ce zai leƙo. Kullum zai leƙo, kullum waya a cike da sunaye. Kunya ta ishe shi, ya kuma ji tsoro, don ya san harshen da aka daina motsawa ba ya dawowa.

Wata safiya ya duba jerin masu zuwa, sai ya ga cikakken sunan yayansa a tsakiya. Matar Yaya ce ta danna masa. Yaya ya iso a kan lokaci, ya wuce bencin ko kallo, ya hau kujerar da shi ya saya da guminsa, ya cire hula. Kan nan tal, rabonsa da gashi tun kafin ciwon.

Ƙarami ya matso. Ya ɗaura masa ƙyalle, ya kunna kilifa, ya riƙa bi da ita a kan fatar a hankali. Yaya ya fara ba shi labarin wani maƙwabcinsu, kalma na fita da ƙyar, yana hutawa yana ci gaba. Bai kai rabi ba waya ta yi ƙara, wani mai jakar ofis ya turo ƙofa.

Yaya ya laluba sandarsa. “Lokacina ya cika,” in ji shi.

Ƙarami ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi. Ya dubi mai jakar ya ce, “Malam, zauna a benci, ban gama ba.”

Mutumin ya kalli kan Yaya, ya kalli wayarsa, ya sake kallon kan. Ya tambaya me kuma ya rage a nan. Ƙarami ya ce da saura sosai, ya sake kunna kilifa. Mutumin ya zauna yana ƙunƙuni, jaka a cinya.

Yaya ya juyo da kujerar a hankali, ya ƙare masa kallo.

“Kai ɗan gidan wane ne?”