Tsaga Uku a Kuncin Haoua

Duk wanda ya sayi majigi a Yamai yana son ya san ko an cuce shi, shagon Oumarou yake nufa, can Kalley, bayan Babbar Kasuwa. Mutumin Tawa ne, gajere, ga saurin fushi. Shekara talatin ya yi yana gyaran tele kafin masu hali su fara ɗauko majigin kallo a falo daga Dubai. Masu boko suna da wata ƴar na'urar auna haske, su yi ta karanto lambobi. Oumarou ko kallo ba ta ishe shi ba. Shi ma'auninsa daban ne.

A ƙuryar shagon ya shafe bango da farin fenti, ya toshe taga da kwali. In an kawo majigi, bidiyo ɗaya tak yake sawa, na ranar da matarsa Haoua ta dawo daga Makka. Akwai wurin da ta juyo tana dariya, to nan yake tsayar da hoton. Tsaga uku ne sirara a kuncinta na hagu. Majigin kirki, ukun duk su fito. Na dama-dama, biyu. Na banza kuwa sai ka ga kunci sumul. Shekara bakwai da rasuwar Haoua, amma kullum sai ta yi dariya a bangon nan, kuma bai taɓa gaya wa kowa cewa rabin abin da ya riƙe shi a sana'ar ke nan ba.

Bara ne abu ya fara lalacewa. Alhaji Bala, wani mai sayar da atamfa a Zongo, ya kawo sabo fil a kwalinsa. Oumarou ya duba, ya ce tarkace ne, a mayar. Aka canzo wani, ya ce wannan ma gara na farko. A na uku Alhaji Bala ya kwashi kayansa yana faɗa, wai tsoho ya fara ruɗewa. Oumarou ya zagi masu ƙera kayan zamani, ya zagi kuran, wato wutar lantarki, ya sake wa bango fenti har sau biyu. Kai, har kwalin taga sai da ya ƙara wa wani. Tsagar dai ta ƙi fitowa.

Wata azahar ƴarsa Aishatu ta kawo mishi abinci daga Lamorde, ta tarar da shi gaban hoton uwarta yana ta tsaki. Ya ce ta zo ta ga irin sharar da ake sayar wa mutane yanzu.

"Nawa kike gani?"

"Uku, Baba. Har zufar da ke kan hancinta."

Oumarou ya kashe majigin. Abincin ma bai taɓa shi ba.

Da ƙyar ta ja shi wurin likitan ido. Hawan jinin ido ne, in ji likita, kuma ya daɗe yana cin sa. Maganin ɗigawa zai rage mishi gudu, amma abin da ya tafi ya tafi ke nan. Wallahi abin da tausayi, mutumin da gari guda ke aron idonsa.

Yanzu ba mai kawo mishi majigi. Duk da haka kowace safiya yana buɗe shago, ya kunna nasa, ya tsayar da hoton. Da a bakin ƙofa yake zama. Sannu a hankali ya riƙa jan kujera gaba, yau taku ɗaya, wani wata biyu. Ran Talatar nan Aishatu ta shigo ta same shi tsaye, hancinsa kusan a jikin bango. Kansa ya tare hasken, inuwarsa ta rufe fuskar Haoua gaba ɗaya, shi kuwa bai sani ba, yana ta lalube da yatsa.

"Aishatu," ya ce, "yau ko dariyar ban gani ba."