Mastas Ɗin da Aka Ce Ba Zai Yi Mini Rana Ba

Na haura shekara goma a Riyadh lokacin da aka kawo mini sabon shugaba na uku. Kamfaninmu yana unguwar Al-Shumaisi, yana saro kayan abinci da na tsafta yana kai wa otal-otal da asibitoci, ni kuma ina sashen saye tun kafin furfura ta fito mini. Duk wanda aka naɗa shugaban sashen, ni ake sa wa in zagaya da shi in haɗa shi da dillalai. Wannan na ukun saurayi ne ɗan ƙasa, ya dawo daga karatu a waje da digiri na biyu a harkar kasuwanci. Ba ni da abin faɗa a kansa. Yana da ladabi, "ammi" yake ce mini, wato baffa, kuma ya san abubuwan da ban sani ba.

Wannan ne ya tsaya mini a rai. Wata rana ya zauna da babban dillalinmu na shinkafa, mutumin da na yi shekaru ina lallashi ya rage mana farashi yana ƙi. Yaron ya buɗe kwamfuta, ya nuna masa yadda kasuwar za ta tafi nan gaba da abin da zai rasa in muka koma wajen wani. Kafin shayi ya huce mutumin ya sauko. Ina zaune a gefe, ni na zuba shayin ma, amma rabin abin da aka faɗa ban gane ba. Ina da digirin farko a tattalin arziki, na yi shi a gida, sai dai ya daɗe yana barci a ƙasan akwati.

Na fara bincike a ɓoye. Na samu wata jami'a mai zaman kanta a arewacin gari da ke koyar da ma'aikata mastas a ƙarshen mako, kuma tana karɓar baƙi masu iƙama, wato takardar izinin zama.

Wanda na fara gaya wa shi ne kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi mini hanyar zuwa ƙasar. Direba ne a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ya tsufa a bayan sitiyari. Kowace Juma'a bayan masallaci muna haɗuwa a ɗakinsa a Al-Nasiriya, mu da wasu mutanen Maraɗi da Damagaram, mu kewaye faranti guda. Ina gama magana ya tsame hannu daga shinkafar.

Ya ce, "Kai, da gemu fari za ka koma aji?"

Na ce, "Kawu, a aji ba a tambayar gemu."

"To ni ina tambaya. Mu nan zuwa muka yi, ba zama ba. Iƙamarka a hannun wani take. Ranar da kafili, mai ɗaukar nauyin zamanka, ya ce kalas, aiki ya ƙare, kwalin mastas ɗin ne zai tsaya maka a filin jirgi? Ka ƙarasa gininka a gida, ka sayi gona. Abin da mutum ke komawa ya tarar ke nan."

Wani dattijo ɗan Maraɗi ya yi dariya ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda boko ya kama da tsufa ya warke ba. Kowa ya dara, har da ni, don ba a musu da manya a kan faranti. Amma da zan tafi, ina sa takalmi, na ce wa kawu, "Allah ya ƙara maka lafiya, na ji shawararka. Sai dai zan gwada." 

Gaskiya maganarsa ta shige ni, don ba ƙarya ya faɗa ba. Abin da na riƙe a raina shi ne in na samu kwalin, ba za a sake tsallake ni a kawo wani ba. Da wannan tunanin na shiga ofishin mudir, babban manajanmu, don jami'ar na son amincewar wurin aiki. Shi ma baƙo ne, Balarabe daga wata ƙasa, kuma mun daɗe muna mutunci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tashi ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ba zan yaudare ka ba. Kujerar da kake hange ta 'yan ƙasa ce. Tsari ne, ba ni na kawo shi ba, ni ma tawa kujerar tana rawa. Ko digiri goma ka kawo ba zan iya ba ka ita ba."



Ya ci gaba, cikin taushin murya, "Ka hutar da kanka. Ka iya aikinka, muna son ka a inda kake."

Da a kan maganar farko ya tsaya, wataƙila da na haƙura. Ta biyun ce ta ƙona ni. A inda nake! Kamar wani kabad da aka samar wa kusurwa. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, shi ya sa ma ta fi zafi. Na ce, "Na gode da ka gaya mini gaskiya. Amma yau ba kujera na zo nema ba, sa hannu na zo nema." Ya dube ni ya girgiza kai, ya sa hannu.

Duk da haka na yi makonni ban kai takardun ba. Dalilin da na ba kaina ya rushe, kuma karatun na nufin a dakatar da ginin da muke yi a gida, a kuma haƙura da zuwa hutu. Ina dawowa daga aiki in zauna ina kallon bango, yara su yi ta surutunsu da Larabci a kaina ba na ji. Matata ce ta gaji.

Ta ce, "Malam, tun ranar da yaron nan ya zo ofishinku ba ka da zance sai nasa. In za ka yi karatun ka yi, in ba za ka yi ba ka bar mu mu sarara."

Na ce, "An ce ko na yi ba za a ba ni matsayin ba."

"To da ma don su za ka yi? Na zaci abin da ya sani kake so ka sani."

"Ginin fa?"

Ta ce, "Bulo zai jira. Kai ne ba ka da lokacin jira."

Washegari na kai takardun.

Ranar farko na sa farar riga, na tafi da wuri. A bakin ƙofa mai gadi ya dube ni, ya nuna mini wata rumfa ya ce direbobi can suke jira. Kawuna direba ne, da sitiyari ya ciyar da dangi guda, ba na jin kunyar a kira ni direba. Amma ranar ba tuƙi ya kawo ni ba. Na ce masa da Larabci, "Ni ɗalibi ne." Ya sake dubana daga sama har ƙasa. Ban matsa ba, har ya kauce.

A aji ni kaɗai ne Bahaushe, kuma na girmi malamin. Yawancinsu samari ne da 'yan mata masu aiki a bankuna da manyan kamfanoni, Turanci a bakinsu kamar ruwa. Darasin farko da ya kayar da ni shi ne na ƙididdiga. Na yi iya yina, na faɗi warwas. Ban san yadda labarin ya kai Al-Nasiriya ba, amma Juma'ar da ta biyo baya kawu ya tura mini nama gabana ya ce, "Ci, ɗalibi, ka wahala. Yanzu dai ka gani da idonka." Na ci naman, na ce masa zan maimaita darasin. Ya ce taurin kaina irin na uwata ne. Na ce ai jininsu ɗaya da shi.

Abin da ya fi mini wuya shi ne abin da na yi bayan nan. Na ɗauki littafin na je teburin shugaban sashenmu, yaron nan da ya tsokano mini abin gaba ɗaya, na ce ya koya mini. Ya miƙe tsaye don mamaki.

"Ammi, karatu kake yi? Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Na ce, "Ga shi na gaya maka. Buɗe wannan babin."

Daga nan, bayan sallar azahar, sai mu zauna a ɗakin taro ya yi ta zana mini abubuwa a allo. Abokan aiki suna wucewa suna leƙe, wasu suna murmushi. Na bar su. Wanda ya yarda ya koma aji da furfura ya riga ya wuce wurin jin nauyin masu leƙe. A karo na biyu na ci darasin, ba da wani babban maki ba, amma na ci.

Karatun da 'yan ajinmu suka gama a shekara biyu ni sai da na kusa uku. Kawu bai zo bikin ba, ya ce yana bakin aiki. Matata da yara sun zo. Kuma kamar yadda mudir ya faɗa, ba a ba ni kujerar ba. Da yaron ya samu ci gaba ya tafi, wani ɗan ƙasa aka kawo, aka ce in zagaya da shi. Na zagaya da shi kamar yadda na saba, amma a lokacin na riga na fara neman wani wuri.

Wani kamfani da ke shigo da riɗi da citta da zoɓo daga Afirka ta Yamma yana neman wanda ya san kasuwar can, ya kuma iya tsara ciniki a rubuce. Wanda ya gana da ni a can ya duba shekaruna, ya duba ranar da na gama karatu, ya ce, "Kamfaninku ne ya tura ka?"

Na ce, "Babu wanda ya tura ni. Hana ni ma aka yi."

Ya yi dariya, ya ce in ba shi labarin. Na ba shi a taƙaice. Bayan ɗan lokaci aka mayar da iƙamata hannunsu.

Ba shugaba ba ne ni a nan ma, kuma har yanzu baƙo ne ni, ranar da aka ce in tafi zan tafi. Amma a daminar da ta wuce sun tura ni Kano in zauna da masu fitar da riɗi. Da suka ga wakilin kamfanin Larabawa ya shigo yana yi musu sannu da Hausa, sai suka saki jiki, suka ce ai na gida ne, ciniki ya zo da sauƙi. Muka gaisa sosai, muka tambayi iyali, aka kawo fura. Sannan na buɗe kwamfuta, muka yi yini guda muna ja a kan farashi, ban bar musu komai don zumunci ba, su ma ba su bar mini ba.