Kawu Siradji Mai Gyaran Manet

Tsoro ya kama ni ne a kan gadar Ngueli, safiyar Litinin cikin Fabrairun 2008, da na waiga ban ga Kawu Siradji a bayanmu ba. An kwana biyu ana harbi a N'Djamena, jama'a na ta tsallakawa Kousseri ta Kamaru da katifu a ka. Matarsa, Inna Zaliha, ta riƙe hannuna ta ce, "Ya koma shago, Lailatu. Wai akwatinsa."

Na san akwatin. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, mai gyaran rediyo a bayan babbar kasuwa, Grand Marché. A 1993 wani ɗan kasuwa ya kawo manyan injinan wasan bidiyo daga Douala, irin waɗanda ake jefa wa kwabo a yi wasa a tsaye. Kafin wata uku samari sun kashe sandunan da ake juya wasan da su, waɗanda muke kira manet. Ba wanda ya yarda ya taɓa su sai Kawu.

Manet irin ta farko, ƙarafa ne sirara biyu a ciki, in an tura sanda su taɓa juna. Da yatsa yake miƙar da su, ya goge tsatsar da kwalin sukari, don ya ce wuƙa tana cin ƙarfen. Daga baya aka zo da masu ƙananan makunnai huɗu a rufe, masu ƙas-ƙas. In ɗaya ya mutu kowa jefarwa yake yi. Kawu kuwa sai ya rufe ido, ya juya sandar kusa da kunnensa, ya gane wanda muryarsa ta dushe, ya buɗe shi da allura.

Da na shiga jami'a karatun lantarki, na je masa da na'urar awo, ina ji da kaina.

"Malama mai diploma," in ji shi, "wanne ne ya mutu?"

"Kawu, ku ba ni minti biyar."

"Na hagu ne. Amma auna, kar ki ce tsoho ya yi miki satar amsa."

Na hagun ne kuwa.

Sai zamani ya sake juyawa, aka koma wasa a gaban talabijin, manet ta zama 'yar ƙarama da ake murzawa da babban yatsa, ba ta ƙara ko kaɗan. Abokan sana'arsa suka ce kunnen Siradji ya tashi aiki. Ya kwance ɗaya, ya tarar da abin da ke ciki irin maɓallin ƙara sautin rediyo ne, guda biyu. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ashe rediyo ce ta biyo ni gida."

Kowane iri ya ajiye guda a akwatin ƙarfe, da shekararsa a rubuce. A kansu na rubuta kundin kammala karatuna bara. Malamina ya tambayi inda na samo kayan, na ce na kawuna ne, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Yau kwananmu shida a Kousseri. In ƙofa ta buga da ƙarfi, sai in zabura in leƙa waje. Jiya Buba, maƙwabcinmu mai babur, ya koma N'Djamena ya dubo. Ya ce shagon a kulle yake daga waje, gida kuma ba kowa. Ya sake komawa da safen nan zai tambaya a asibitoci. Har yanzu bai dawo ba, kuma ba mu ji labarin Kawu ba.